Na'urar Ji a Kunnen Ɗalibi: Jagora ga Malamai da Iyaye

Sayen na'urar taimaka wa ji, duk da tsadarta, shi ne ɓangare mafi sauƙi. Aikin gaske yana farawa ne washegari da safe, kuma ba ya yankewa har yaro ya gama makaranta. Abin da aka saba gani shi ne wata ƙungiya ko wani mai hali ya zo makarantar kurame ya raba na'urori, a yi jawabai, a ɗauki hotuna, a watse. Bayan mako biyu batirin wani ɗalibi ya mutu, ba wanda ya san shagon da ake sayar da irinsa, na'ura ta koma kwalinta. Wani ɗalibin kuwa tasa lafiyarta ƙalau, amma da ya sha kwanar layinsu sai ya zare ta ya jefa aljihu, ba zai mayar ba sai ya hango ƙofar gida da yamma. Na farko batir yake nema. Na biyu yana neman wanda zai zaunar da shi ya tambaye shi dalili, kuma irinsa suna da yawa, fiye da yadda malamai ke zato.

Gwaji kafin na'ura

Kada a sayi na'urar ji a kasuwa ko a kyamis. Masu arhar nan da ake tallatawa kowane sauti suke ɗagawa bai ɗaya, har da wanda yaro yake ji sosai, kuma suna iya ƙarasa ɗan jin da ya rage masa. A fara da likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Shi zai leƙa ya ga ko dattin kunne ne ya toshe hanya, ko ruwa ne ya taru a bayan dodon kunne, ko dodon ne ya huje. Irin waɗannan magani ko ƙaramin aiki na iya warware su. Idan kuwa lahanin yana can ciki, a sashen nan mai kama da katantanwa ko a jijiyar ji, to ba ya warkewa da magani, a nan ne na'ura ke shigowa. Ana yin wannan bincike a Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1999, da kuma sashen kunne na asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano.

Masanin gwajin ji zai ba da takarda mai zanen layi biyu, ɗaya na kunnen dama, ɗaya na hagu. Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Hira ta yau da kullum tana kusan desibel 60. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ba ya jin sauti sai ya kai tsakanin 35 da 50 raunin jinsa matsakaici ne, daga 65 zuwa 80 mai tsanani ne, daga 80 zuwa sama kuwa ya yi nisa ƙwarai. Da wannan takarda ake saita na'ura a kwamfuta daidai da kunnen mai ita, shi ya sa ba a aron ta ɗan maƙwabci. A ajiye kwafi ɗaya a gida, ɗaya a fayil ɗin makaranta, a kuma sake gwajin duk shekara.

Mu da ke zaune a yankin sanƙarau akwai abin da ya kamata mu riƙe. Duk yaron da ya tashi daga wannan ciwo a gwada jinsa nan take, kada a ce sai ya ƙara murmurewa. Sanƙarau kan sa katantanwar kunne ta fara cikewa da ƙashi cikin makonni ko watanni, idan kuma hakan ta faru, dashen na'urar da ake sawa ta hanyar tiyata yakan yi wuya. Haka nan a sa ido kan yaron da ya yi ƙyanda ko hangum, da jaririn da shawara ta kama shi sosai, da wanda aka yi wa allurai masu ƙarfi irin su jantamaisin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 60 cikin 100 na raunin ji a yara ana iya kauce masa.

Tun ranar farko a gaya wa iyaye gaskiyar abin da na'ura za ta iya. Kunnen da jijiyarsa ta taɓu kamar rediyo ne da tasha ba ta kamu sosai ba: in ka ƙara murya za ka ji ƙara, amma maganar ba lallai ta fito tas ba. Mai matsakaicin rauni yakan amfana sosai. Wanda nasa ya yi nisa wataƙila abin da zai samu shi ne jin hon ɗin mota, da bugun ƙofa, da kaɗan daga amon magana da zai taimaka masa wajen karanta leɓe. Wannan ma riba ce, muddin ba a yi wa iyaye alkawarin cewa ɗansu zai tashi yana magana cikin wata guda ba.

Duban safe

Na'urar da ta fi dacewa da ɗalibai ita ce wadda ake ratayawa a bayan kunne. Tana da makirufo a sama, da ɗakin batir a ƙasa, da ƙugiya, da siririn tiyo da ke kai sauti zuwa robar da aka zuba daidai da ramin kunnen yaro. Kowace safiya, kafin a fara darasi, babba ɗaya ya duba ta. Aikin bai wuce minti uku ba in hannu ya saba.

A fara da ido. A duba ko tiyo ya tsage, ya ƙandare ko ya lanƙwashe, ko akwai ɗigon ruwa a cikinsa, ko dattin kunne ya toshe bakin robar. Toshewar nan ita ce ta fi yawan sa a ce na'ura ta lalace alhali lafiyarta lau. Sannan a rufe ɗakin batir a dunƙule na'urar a tafin hannu. Idan ta yi fito, batir na da rai. Akwai ɗan bututun saurare da ake sayarwa tare da na'urori, wanda malami zai sa a kunnensa ya yi magana ya ji ko sautin na fita sarai ko yana yankewa. Kowace makaranta ta mallaki ko da guda ɗaya.

Daga nan a sa wa yaro, a tsaya a bayansa ko a kare baki da takarda, tazarar taku ɗaya, a furta sautuka shida ɗaya bayan ɗaya da murya ta yau da kullum: mmm, uuu, aaa, iii, shhh, sss. Daniel Ling, masanin koyar da kurame magana da ya yi aiki a Kanada, shi ya tsara wannan gwaji, domin sautukan sun ratsa zangon maganar ɗan Adam daga mai kauri zuwa siriri. Dukkansu akwai su a Hausa, ba sai an sauya komai ba. Ƙaramin yaro ya ɗaga hannu in ya ji, babba ya maimaita. A riƙa sauya jerin, a kuma yi shiru wani lokaci, domin yara akwai wayo, sukan haddace. Idan ɗalibin da jiya ya ji sss yau bai ji ba, akwai abin da ya faru, ko a na'ura ko a kunne, a bincika a ranar.

Batirin na'urar ji da iska yake aiki. Yana zuwa da ɗan manne a bayansa. In an ɓare, a jira kamar minti ɗaya kafin a saka. Da zarar an ɓare ya fara ƙarewa ke nan, ko an yi amfani da shi ko ba a yi ba, don haka kada a ɓare na ajiya. Girmansa huɗu ne, kowanne da launinsa: lamba 10 rawaya, 312 ruwan ƙasa, 13 ruwan lemo, 675 shuɗi. Iyaye su haddace lamba da launi. Yakan yi kwanaki kaɗan zuwa mako biyu ko uku, gwargwadon girmansa da ƙarfin na'ura. Batirin agogo ba ya maye gurbinsa ko da ya shiga ramin. Kuɗin batir na shekara guda a lissafa shi tun kafin a karɓi na'ura, kuma wanda zai ba da kyautar na'ura a roƙe shi ya haɗa da shi. A ɓoye batir daga ƙannen yaro, domin haɗiye shi haɗari ne da ke buƙatar asibiti nan take.

Idan na'ura na fito tana kunne, yawanci robar ce ba ta zauna ba, ko yaro ya girma ta yi masa kaɗan. Kuskuren da ake yi shi ne a rage murya don fiton ya tsaya, sai a bar yaro da na'urar da ba ta tsinana masa komai. A sake zuba sabuwar roba: jarirai duk bayan 'yan watanni, 'yan makaranta kusan duk shekara. Kunnen da ke zubar da ruwa ko mugunya kuwa ba a toshe shi da roba, a kai shi asibiti tukuna. Kuma a daina ɗiga man kaɗanya ko ruwan albasa, a daina sosa da ashana ko gashin kaza.

Yanayinmu ba ya raga wa na'ura. Da hunturu ƙura ke toshe makirufo, sai a riƙa share shi da ɗan buroshi mai laushi kowane dare. Da bazara zufa, da damina laima. Da dare a buɗe ɗakin batir, a cire batirin, a sa na'ura a kwalba mai murfi tare da ƙullin ƙwayoyin nan masu tsotse laima. Ba a shanya ta a rana, ba a kai ta kusa da murhu. Robar kaɗai ake wankewa, bayan an zare ta daga ƙugiya, da ruwan ɗumi da sabulu, a bar ta ta bushe har cikin tiyo kafin a mayar. A shafa mai a gama, a goge hannu, sannan a ɗauki na'ura. Sai alwala, wadda littattafan da ke zuwa cikin kwali ba su san da ita ba: sau biyar a rana ruwa na zuwa kunne. A koya wa yaro ya cire ya sa a ɗan akwatinta, ba a bakin rijiya ko kan buta ba, ya tsane kunnensa sannan ya mayar. 'Yan mata kuma hijabi mai kauri ko ɗankwalin da aka ɗaure tam yakan goga makirufo ya cika kunne da ƙara, ko ya jawo fito. Yadi mai laushi da ɗan sassauci a wajen kunne yana rage wannan.

A cikin aji

Na'ura ta fi aiki idan mai magana bai wuce mita biyu ba. Duk lokacin da tazara ta ninka, sauti na raguwa da kimanin desibel 6, hayaniya kuwa ba ta raguwa. Ajinmu mai ɗalibai tamanin, da fanka, da janareta a bayan taga, da ruwan sama a kan kwanon rufi, wuri ne mai wuya ko ga mai lafiyayyen kunne. A zaunar da ɗalibin a layi na farko ko na biyu, ɗan gefe, yadda zai ga malami ya kuma waiga ya ga 'yan aji, kunnensa mai dama-dama yana fuskantar malami. Malami kada ya yi bayani yana rubutu ya ba aji baya, kada ya tsaya a bakin taga haske ya duhunta fuskarsa, kada ya yi ihu. In wani ya yi tambaya daga baya, ya maimaita ta. Sabbin kalmomi da aikin gida su hau allo. Inda hali ya yi, akwai ƙaramin makirufo da malami ke maƙalawa a riga yana aika murya kai tsaye zuwa na'urar ɗalibi, kuma babu abin da ya kai shi maganin tazara.

Malami ya san inda Hausa ke ba ɗalibinsa wuya. Yawancin masu raunin jijiya siraran sautuka suke fara rasawa, sai "sara" da "shara" da "tsara" su zo musu iri ɗaya. Leɓe ma ba ya raba "bari" da "ɓari" da "mari", su k da ƙ da g kuwa can cikin baki ake yin su, ido ba ya gani. Don haka in ɗalibi bai gane ba, maimaita kalmar sau biyar ba shi da amfani. A sauya jimlar. A islamiyya, inda ake karatu da murya ɗaya, na'ura hayaniya kawai take kwasowa. A ware masa minti biyar gaba da gaba da malam.

Zaman shawara

Nan ne gizo ke saƙa. Fiye da kashi 90 cikin 100 na yaran da ke kurma iyayensu masu ji ne, galibinsu ba su taɓa zama da kurma ba. Kafin su iso makaranta sun sha zagaye: an ce iska ce, an ce sammu ne, dangin uba sun ce daga wajen uwa ne, kuɗi sun ƙare wajen neman magani. Mai ba da shawara ya fara da sauraro. Idan uwa ta ce, "Malam, ni dai so nake in ji ya kira ni Umma," kada a katse ta da lissafin desibel, kada kuma a yi mata ƙarya. A ce mata, "Hajiya, za mu yi iya ƙoƙarinmu a kan maganar. Amma yau ɗin nan akwai hanyar da zai gaya miki yana jin yunwa ko wani ya dake shi, bari mu fara da ita." A nemi uba ya zo da kansa ko sau ɗaya, domin galibi shi ke sayen batir, shi ke yanke shawarar ko yarinya za ta ci gaba da karatu.

Ɗaliban ma ba ɗaya suke ba. Wanda aka haifa kurma ya taso cikin masu maganar hannu sau da yawa bai ɗauki kansa mara lafiya ba, abin da ke damunsa shi ne a gida ana hira ana dariya ba mai gaya masa abin da aka ce. Wanda sanƙarau ya ɗauke wa ji yana ɗan shekara goma kuwa makoki yake yi, ya san abin da ya rasa, abokansa sun janye, yana tsoron maganarsa ta lalace. Sai na tsakiya, mai ɗan ji, wanda a ganina shi aka fi zalunta. Yana makarantar kowa da kowa, yana magana, don haka ba wanda ya yarda yana da matsala. Shi ake ce wa mai kunnen ƙashi, shi ake cewa yana jin abin da ya ga dama. Ya koyi gyaɗa kai da murmushi ko bai gane ba. Kafin azahar ya gaji liƙis saboda ƙoƙarin haɗa guntayen magana, sai a rubuta masa lalaci a katin sakamako.

Idan ɗalibi ya daina sa na'ura, kada a fara da faɗa. A ware wuri mara hayaniya, a zauna fuska da fuska, a tambaye shi dalla-dalla: tana yi maka ciwo? A wane darasi ka fi cire ta? Wa ya yi magana a kanta? Amsar ita ke nuna maganin. Ciwo ko ƙaiƙayi aikin mai zuba roba ne. Ƙara mai yawa aikin mai saiti ne. Wanda ya fara sawa da girmansa yana buƙatar mako ɗaya ko biyu yana ƙara awanni a hankali kafin ƙwaƙwalwa ta saba. Idan kuwa tsokana ce, ana kiransa mai rediyo ko ana yi masa ihu a kunne, to aikin na aji ne gaba ɗaya, kuma da izininsa za a yi wa 'yan ajin bayani. Budurwar da ke ɓoye tata don kada samari su gani ba wa'azi take buƙata ba. A haɗa ta da wata babbar mace mai sa na'ura, wadda ta yi karatu ta yi aure, su yi hira su biyu. Akwai kuma ɗalibin da zai ce, bayan an gwada komai, na'urar ba ta ƙara masa komai sai ciwon kai. Idan gwaji ya goyi bayansa, a yarda da shi.

A koya wa ɗalibi kalmomin neman haƙƙinsa, a yi ta gwadawa a ofis har su zauna a bakinsa ko a hannunsa: "Malam, don Allah a juyo in ga fuska." "Malama, na ji farkon, ƙarshen ne ban ji ba." "A taimaka a rubuta mini shafin." Tarbiyyarmu ta hana yaro katse babba, don haka sai malami ya furta a gaban aji cewa ya ba shi wannan izini.

Akwai batun da ba a so a taɓa, amma dole ne. Masu lalata da yara sukan zaɓi wanda suke ganin ba zai iya ba da labari ba. Kowane ɗalibi kurma, mace da namiji, ya san sunayen sassan jikinsa, ya san taɓawar da ba ta halatta ba, ya san mutum biyu da zai kai wa ƙara. Idan mai ba da shawara bai iya maganar hannu ba, tafinta ya zama babba amintacce wanda ɗalibin ya yarda da shi. Ɗan aji ko ƙanin yaro ba ya tafinta a irin wannan zama. Mai shawarar kuma ya riƙa kallon ɗalibin, ba tafintan ba.

Maganar hannu

Wasu iyaye sukan hana yaro maganar hannu da zarar an sa masa na'ura, wai kada ya yi kasalar magana. Wannan kuskure ne mai tsada. Abin da ke cutar da yaro shi ne ya shafe shekarunsa na farko ba shi da harshe ko ɗaya. Wanda ya sami harshe da hannu yana da tubalin da zai ɗora karatu da magana a kai, kuma ranar da batir ya mutu ba a yanke shi daga duniya ba.

A nan akwai harsuna biyu da ya kamata mai shawara ya bambance. Kuramen ƙasar Hausa suna da tasu maganar hannu tun kaka da kakanni, wadda masaniyar harshe Constanze Schmaling ta yi nazari a Kano ta fitar da littafi a kanta a 2000. Ta makaranta kuwa tushenta Amurka: Andrew Foster, kurma baƙar fata ɗan Amurka, ya buɗe makaranta a Accra a 1957, ya buɗe ta Ibadan a 1960, daga nan salon ya bazu. Yaron da ya shiga makaranta irin ta Tudun Maliki a Kano zai iya dawowa hutu da alamomin da mahaifiyarsa ba ta sani ba. A shirya wa iyaye darasi ko da sau ɗaya a wata, kuma manyan kurame su koyar, ba masu ji ba.

Tun daga ƙaramar sakandare a fara miƙa wa ɗalibi ragamar na'urarsa: shi zai duba ta da safe, ya san lambar batirinsa, ya iya bayanin takardar gwajinsa, ya san ranar komawa asibiti. A zauna da shi kan abin da yake so ya zama, kada a yanke masa cewa iyakarsa ɗinki ko aikin kafinta, ko da yake su ma sana'o'i ne na rufin asiri. Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Musamman da ke Oyo ta daɗe tana ɗaukar kurame, kuma Jami'ar Jos da ta Bayero suna da sashen ilimi na musamman. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su ilimi kyauta har ƙarshen sakandare, ta kuma ɗora wa hukumarsu ta ƙasa samar da kayan taimakon karatu. Kafin jarrabawar WAEC ko NECO ko JAMB, makaranta ta sanar da hukumar jarrabawa tun lokacin rajista cewa tana da ɗalibi mai raunin ji, ta nemi a rubuta masa duk sanarwar da mai sa ido zai yi da baki, a kuma gaya wa masu binciken ƙofa tun da wuri cewa abin da ke kunnensa na'urar ji ce, don kada a ƙwace ta da sunan satar amsa.